Kwamfuta a cikin aljihu: Wa ke cin moriyar manhajar da ke tashi daga filash?

A ranar 26 ga watan Satumban 2024, wasu ƙungiyoyi biyu masu aikin kare sirrin jama'a a intanet, wato Tor da Tails, suka ba da sanarwar cewa sun haɗe sun zama ƙungiya ɗaya.

Labarin bai yi tashe irin na yaƙi ko na zaɓe ba. To amma ga 'yan jarida masu binciken ƙwaƙwaf, da lauyoyin kare haƙƙin bil'adama, da 'yan adawa a ƙasashen da ake danne faɗar albarkacin baki, batu ne da ya shafi tsaron lafiyarsu kai tsaye.

Dalili kuwa shi ne, Tails na daga cikin fitattun manhajojin da ke ba mutum damar ɗaukar ruhin kwamfutarsa baki ɗaya a kan ɗan filash ɗin da bai wuce tsawon yatsa ba. Sai ya soka shi a jikin wata na'ura, ya yi aikinsa, ya zare ya tafi, ba tare da ya bar alamar komai a ma'adanar na'urar ba.

Shekara guda bayan haka, a ranar 14 ga watan Oktoban 2025, kamfanin Microsoft ya daina ba da tallafin da ya saba bayarwa ga manhajar Windows 10. Wannan ya sa miliyoyin masu tsofaffin kwamfutoci suka shiga neman mafita, aka kuma sake tuna wa jama'a da wannan fasaha da ta haura shekara ashirin a duniya.

Tarihinta ya nuna cewa tana iya 'yantar da mutum daga dogaro da mai na'ura. Sai dai amanar da ya ɗauke daga wurin mai na'urar dole ya danƙa ta a hannun wasu, kuma a nan ne gizo ke saƙa.

Yadda abin ke aiki

Kowace kwamfuta na da babbar manhaja, wadda ita ce ke tafiyar da sauran manhajoji, kamar Windows ko macOS ko Linux. A bisa al'ada tana zaune ne a cikin ma'adanar da ke cikin na'urar, kuma daga nan take tashi duk lokacin da aka kunna ta.

Amma ana iya umartar kwamfuta, a daƙiƙun farko bayan an kunna ta, da ta yi watsi da ma'adanarta, ta nemi babbar manhaja a kan abin da aka soka mata a kafar USB.

Idan haka ta faru, manhajar da ke kan filash ɗin sai ta ari gangar jikin na'urar kawai: allo, da madannai, da injin lissafi, da kuma ƙwaƙwalwar wucin gadi wadda ake kira RAM. Ita wannan ƙwaƙwalwa, duk abin da aka rubuta a cikinta yakan gushe bayan an ɗauke mata wuta.

Sakamakon haka biyu ne. Na farko, ƙwayoyin cuta da manhajojin leƙen asirin da suka yi kaka-gida a cikin babbar manhajar kwamfutar ba sa samun damar tashi, domin ba a tayar da uwar gijiyarsu ba. Na biyu, wanda ya yi aikin ba ya barin tarihin shafukan da ya ziyarta, ko kalmominsa na sirri, ko takardun da ya buɗe.

Wanda ya taɓa shiga shagon intanet don cike takardar jarrabawa ko neman aiki, ya tarar da akwatin imel na wanda ya riga shi zama a buɗe, zai fahimci amfanin hakan ba tare da dogon bayani ba. Hausawa dai sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Daga faifai zuwa filash

Tushen lamarin yana komawa ne ga manhajar Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991. Da yake an buɗe rubutun cikinta ga kowa, kowane masani na da 'yancin ya ɗauka ya sarrafa ta yadda ya ga dama.

A shekara ta 2000, wani injiniya Bajamushe mai suna Klaus Knopper ya fitar da Knoppix, wani nau'in Linux da ke tashi kai tsaye daga faifan CD. Ba shi ne farkon wanda ya gwada haka ba, amma tasa ce ta karɓu, saboda tana gane sassan kusan kowace kwamfuta da kanta.

Masu gyaran kwamfuta ne suka fara rungumarta, domin da ita sukan ceto takardun mutane daga na'urar da ta ƙi tashi. Daga baya manhajar Ubuntu, wadda attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya ɗauki nauyinta daga 2004, ta bi wannan hanya, har ta riƙa aika faya-fayai kyauta ta gidan waya zuwa sassan duniya kafin a dakatar da shirin a 2011.

A waccan shekarar ta 2000 ne kuma filash ya shigo kasuwa. Wanda kamfanin IBM ya fara sayarwa a Amurka megabait 8 kacal yake ɗauka, abin da bai isa ɗaukar hotuna kaɗan na wayar zamani ba.

Cikin 'yan shekaru girman filash ya ninka sau dubbai, farashinsa kuma ya faɗi warwas. Ya fi faifai sauri, ba ya karcewa, sannan ana iya yin rubutu a kansa. Wannan ne ya ba da damar mutum ya riƙa yawo da manhajarsa tare da takardunsa a aljihu ɗaya.

Rawar da ta taka a tonon sililin Snowden

An fara fitar da manhajar Tails a watan Yunin 2009, kuma sunanta na farko ma yana nufin mantuwa ne. An gina ta a kan Debian, wani nau'in Linux, kuma yawancin waɗanda suka rubuta ta sun zaɓi su ɓoye sunayensu.

Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne, duk wata hulɗa da intanet tana tilasta ta bi ta hanyar Tor. Shi kuwa Tor, tsari ne da ke lulluɓe saƙo cikin kulle-kulle, ya bi da shi ta tashoshi uku da 'yan sa kai ke gudanarwa a ƙasashe daban-daban, ta yadda babu tasha ɗaya da ta san mai aikawa da inda saƙon ya nufa a lokaci guda.

Haka kuma Tails kan goge ƙwaƙwalwar wucin gadi idan za a kashe kwamfuta. Idan ma aka fizge filash ɗin ana tsakiyar aiki, sai ta kashe na'urar nan take. Ga mai bukatar adana wasu takardu, akwai wani sashe na filash ɗin da ake kullewa da kalmar sirri.

Duniya ta san da zamanta ne bayan abin da ya faru a 2013. A farkon shekarar, Edward Snowden, wani ma'aikacin kwantiragi a Hukumar Tsaron Ƙasa ta Amurka, NSA, ya tuntuɓi mai shirya fina-finai Laura Poitras a asirce. A watan Yuni suka gana a Hong Kong tare da ɗan jarida Glenn Greenwald, daga nan kuma jaridun Guardian da Washington Post suka fara wallafa takardun da suka nuna yadda hukumar ke tattara bayanan wayoyi da na intanet na miliyoyin jama'a.

A 2014, Poitras da Greenwald da Barton Gellman, wanda ya rubuta labarin a Washington Post, sun bayyana cewa Tails na cikin muhimman kayan aikin da suka dogara da su wajen hulɗa da majiyar tasu. Fim ɗin Citizenfour da Poitras ta shirya a kan lamarin, wanda ya ci kyautar Oscar a 2015, ya ambaci manhajar a jerin waɗanda ya yi wa godiya.

Su kansu takardun hukumar sun nuna irin damuwar da take da ita. A watan Yulin 2014, kafofin watsa labarai na Jamus, NDR da WDR, sun ruwaito cewa wani tsarin sa ido na NSA mai suna XKeyscore yana sa alama a kan mutanen da suka nemi bayani game da Tails a intanet. A watan Disamban shekarar kuma mujallar Der Spiegel ta wallafa wasu takardu na 2012 da suka sanya manhajar cikin manyan abubuwan da ke kawo wa aikin hukumar cikas.

Tun daga lokacin, kafofin watsa labarai da dama sun kafa akwatunan sirri na karɓar takardu daga masu fallasa, irin su SecureDrop, wanda aka gina wani sashe na aikinsa a kan Tails.

Fatan marasa kwamfuta

Akwai kuma wani rukuni na mutane da aka yi wa tanadin wannan fasaha, waɗanda ba gwamnati suke gudu ba. Su matsalarsu ita ce ba su da kuɗin sayen kwamfuta.

A 2005, Farfesa Nicholas Negroponte na jami'ar MIT da ke Amurka ya ƙaddamar da shirin samar wa kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka a kan dala 100. Najeriya na cikin ƙasashen farko da aka yi gwajin shirin, a wata makarantar firamare da ke Galadima a Abuja, a 2007. Amma kwamfutar ba ta taɓa sauka zuwa dala 100 ba, kuma gwamnatoci ba su saya da yawan da aka yi tsammani ba.

Wasu daga cikin masu shirin sai suka sauya dabara. A 2009 suka fitar da manhajar yaran, mai suna Sugar, a kan filash, domin kowane ɗalibi ya riƙe nasa, ya soka a duk kwamfutar da makaranta ta mallaka, komai tsufanta.

A 2014 wani ƙaramin kamfani mai suna Keepod ya gwada irin wannan a unguwar marasa galihu ta Mathare da ke Nairobi, babban birnin Kenya. An kai tsofaffin kwamfutoci da aka cire wa ma'adana, aka raba wa ɗalibai filash na dala 7 mai ɗauke da manhajar Android.

Hikimar a fili take: maimakon a saya wa kowa na'ura, sai mutane da yawa su yi tarayya a kan guda ɗaya, kowa da sirrinsa a aljihunsa.

Sai dai masu suka sun nuna cewa filash abu ne mai saurin ɓata, kuma yakan lalace idan aka yawaita rubutu a kansa. Bayan haka, bai magance rashin wutar lantarki ba, ko tsadar intanet, ko ƙarancin malaman da suka iya kwamfuta.

A ƙarshe dai wayar hannu mai araha ce ta cike wannan gurbi. Mafi yawan mutanen Afirka da suka shiga intanet a shekarun da suka biyo baya ta waya suka shiga, ba su bi ta kan kwamfuta ba.

Fargabar gwamnatoci

Yayin da wasu ke kallon filash a matsayin garkuwa, hukumomin tsaro sun daɗe da sanin cewa yana iya zama makami.

A 2008, an soka wani filash mai ɗauke da ƙwayar cuta a wata kwamfutar sojin Amurka da ke wani sansani a Gabas ta Tsakiya. Cutar ta bazu har cikin hanyoyin sadarwar sirri na rundunar, abin da ya sa ma'aikatar tsaro ta Pentagon ta haramta amfani da filash a watan Nuwamban shekarar. Mataimakin sakataren tsaro na lokacin, William Lynn, shi ne ya tabbatar da aukuwar lamarin a 2010, ya kuma bayyana shi da cewa shi ne kutse mafi muni da aka taɓa yi wa kwamfutocin sojin ƙasar.

A 2010 kuma aka gano ƙwayar cutar Stuxnet, wadda aka ƙera don ta lalata injunan tace sinadarin yuraniyom a tashar nukiliyar Natanz ta Iran. Da yake ba a haɗa kwamfutocin tashar da intanet ba, masana sun yi imanin cewa ta hanyar filash cutar ta shiga. An ƙiyasta cewa ta lalata injuna kimanin 1,000. Jaridar New York Times ta ruwaito a 2012 cewa Amurka da Isra'ila ne suka shirya harin, ko da yake babu wadda ta amsa a hukumance.

A 2014, wasu masana biyu daga Jamus, Karsten Nohl da Jakob Lell, sun nuna cewa ana iya sauya ɗan ƙaramin umarnin da ke can cikin filash, ta yadda zai yaudari kwamfuta ta ɗauke shi a matsayin madannai, ya riƙa ba ta umarni. Goge abin da ke kan filash ɗin ba ya kawar da irin wannan sharri.

Halin ɗan Adam ma yana taimaka wa masu kutse. A wani binciken da aka wallafa a 2016, an yar da filash 297 a harabar Jami'ar Illinois da ke Amurka, kuma kusan rabinsu an tsince su an soka a kwamfuta.

Saboda irin waɗannan dalilai ne bankuna da ma'aikatu da yawa ke toshe kafofin USB, ko su kulle kwamfutocinsu don kada su tashi daga wani abu na waje. A wurin mai kula da tsaron ofis, ma'aikacin da ya tayar da kwamfuta daga filash ɗinsa ya tsallake duk wani shinge da aka kafa.

Takobi mai kaifi biyu

Muhawara mafi zafi ita ce ta masu aikata laifi, domin rigar da ta suturta ɗan jarida ita ce kuma ke suturta mugu.

A watan Yunin 2020, shafin labarai na Motherboard ya ruwaito cewa kamfanin Facebook ya biya wani kamfanin tsaro maƙudan kuɗi don ya gano wata ɓaraka a cikin Tails. Manufar ita ce a kama wani mutum a jihar Kalifoniya da ya shafe shekaru yana tsoratar da 'yan mata ƙanana tare da tilasta musu aika masa hotunan tsiraici, yana fakewa da manhajar.

An gano ɓarakar a sashen da ke kunna bidiyo, aka miƙa wa hukumar FBI, wadda ta aika wa mutumin wani bidiyo na tarko da ya tona ainihin adireshinsa na intanet. An kama shi a 2017, kuma a 2021 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 75.

Babu wanda ya yi jimamin kama shi. To amma masu rubuta Tails sun ce ba a sanar da su ɓarakar ba, alhali kuwa ƙofar da aka bi aka kama mai laifi ita ce za a iya bi a kama ɗan jarida a wata ƙasa.

Jami'an tsaro a ƙasashen Yamma sun sha cewa irin waɗannan manhajoji na makantar da su wajen farautar 'yan ta'adda da masu cin zarafin yara. Su kuma masu kare sirri na cewa ba a iya ƙera makullin da zai buɗe wa mutumin kirki kaɗai.

Wani abin mamaki shi ne, ita kanta gwamnatin Amurka tana ɓangarorin biyu. A ɗakin binciken rundunar sojin ruwanta aka fara aikin da ya haifar da Tor a tsakiyar shekarun 1990, kuma ta shafe shekaru tana cikin manyan masu ba ƙungiyar kuɗi, a daidai lokacin da hukumar NSA ke neman hanyar karya tsarin.

Iyakar kariyar

Su kansu masu Tails sun sha gargaɗin cewa manhajar tasu ba laya ba ce.

Tana kare mutum daga gurɓatacciyar babbar manhaja, amma idan gangar jikin na'urar ce aka yi wa dashe, babu abin da za ta iya. Ana iya maƙala wata 'yar na'ura a wayar madannai da ke naɗar duk harafin da aka latsa, ko a sauya umarnin farko da ke tayar da kwamfutar, ko kuma a kafa kyamara a saman kan mai aiki.

Haka nan kamfanin da ke ba da intanet yana iya ganin cewa mutum yana amfani da Tor, ko da bai san abin da yake yi a ciki ba. A watan Disamban 2013, wani ɗalibin Jami'ar Harvard ya aika saƙon ƙarya cewa an dasa bam, don ya kauce wa jarrabawa. Ya bi ta Tor, amma da intanet ɗin jami'ar, don haka masu bincike suka duba waɗanda suka shiga Tor a wannan lokaci, suka kai gare shi cikin ƙanƙanen lokaci.

Akwai kuma batun doka. A Birtaniya, tun daga 2007 ana iya ɗaure mutum har shekara biyu idan ya ƙi ba da kalmar sirrin bayanan da ya kulle bayan an umarce shi bisa doka, ko shekara biyar idan batun ya shafi tsaron ƙasa. A watan Agustan 2013, an tsare David Miranda, abokin zaman Greenwald, na tsawon sa'o'i tara a filin jirgin sama na Heathrow ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci, aka kuma ƙwace ma'adanan da yake ɗauke da su.

A Najeriya, dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa masu shagunan intanet su yi rajista, su kuma ajiye littafin sunayen masu amfani da na'urorinsu. Ke nan wanda kwamfuta ta manta da shi, littafin mai shago bai manta ba.

Babban cikas kuwa shi ne katse sadarwa. Idan gwamnati ta toshe wani shafi kaɗai, kamar yadda Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ko yadda Chadi ta toshe shafukan sada zumunta na tsawon wata 16 daga Maris ɗin 2018, ana iya zagayawa ta Tor ko makamantansa. Wannan ne ma ya sa ƙasashe irin su Sin da Iran ke toshe shi kansa Tor ɗin, Rasha ma ta bi sahu a Disamban 2021.

Amma idan layin ne aka yanke gaba ɗaya, babu manhajar da za ta yi amfani. Haka aka gani a yankunan Kamaru masu magana da Ingilishi, inda aka ɗauke intanet na kimanin wata uku a 2017, da Jamhuriyar Nijar, inda aka katse intanet ɗin wayar hannu na kusan kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021, da kuma jihar Zamfara, inda aka rufe layukan waya a Satumban 2021 da sunan yaƙi da 'yan bindiga.

Ƙungiyar Access Now, mai bibiyar wannan batu, ta ce an katse intanet sau 296 a ƙasashe 54 a 2024, adadi mafi yawa da ta taɓa ƙirgawa zuwa wannan lokaci.

Kamfanoni sun ja da baya

Manyan kamfanoni ma sun taɓa gwada sa'arsu. A 2012 Microsoft ya fitar da Windows To Go, wanda ya ba ma'aikatan kamfanoni damar ɗaukar Windows ɗin ofis a kan filash na musamman, su yi aiki da shi a gida ko a kan hanya.

A 2019 kamfanin ya sanar da cewa ya daina inganta shi, a 2020 kuma ya cire shi. Hujjarsa ita ce tsarin ba ya karɓar manyan sabuntawa, sannan masu ƙera irin filash ɗin da yake bukata sun ragu.

Masu lura da harkar na ganin akwai wani dalilin da ya fi wannan girma. Kamfanonin sun karkata ga ajiye takardun mutane a manyan rumbunansu na intanet, inda mutum zai shiga da sunansa da kalmar sirri daga kowace na'ura. Wannan ya biya bukatar tafiya da aiki ko'ina, amma takardun suna hannun kamfani, kuma gwamnatin ƙasar da kamfanin yake tana iya neman su ta hanyar kotu.

Su ma na'urorin sai ƙara rufewa suke yi. Tun daga 2020 kamfanin Apple ya koma amfani da injin lissafi na ƙirar kansa, kuma Tails ba ta tashi a kan waɗannan kwamfutoci. Ba ta kuma aiki a wayar hannu, alhali can ne fagen dagar ya koma, kamar yadda binciken 2021 a kan manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ta kamfanin NSO na Isra'ila, ya nuna an yi ta kutsawa cikin wayoyin 'yan jarida da masu fafutuka a ƙasashe da dama.

A cikin wannan yanayi ne Tails ta nemi haɗewa da Tor. Ƙungiyoyin biyu sun bayyana cewa aikin neman kuɗi da tafiyar da ma'aikata ya fi ƙarfin 'yan tsirarun da ke riƙe da Tails, kuma haɗewar za ta ba su damar mayar da hankali a kan inganta manhajar. Sai dai hakan na nufin garkuwar dubban mutane ta rataya ne a kan ƙungiya ɗaya, wadda ita ma da gudummawa take rayuwa.

Tsofaffin kwamfutoci

Inda ake ganin fasahar za ta fi yin tasiri a nan gaba shi ne batun tsofaffin na'urori. Windows 11 na bukatar wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma injin lissafi na baya-bayan nan, abin da kwamfutoci da yawa masu ƙoshin lafiya ba su da shi.

Kamfanin binciken kasuwa na Canalys ya ƙiyasta a 2023 cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 ne ka iya zama shara saboda wannan sauyi. Microsoft dai ya ba masu amfani na gida damar tsawaita samun gyaran tsaro zuwa Oktoban 2026, amma wannan jinkiri ne kawai.

Lamarin ya shafi Afirka ta Yamma, inda kwamfutoci na hannu daga Turai da Amurka ke cika kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja a Legas, daga nan kuma su bazu zuwa arewa da maƙwabtan ƙasashe. Ɗalibi ko ɗan kasuwar da ya sayi irin wannan na'ura yana iya samun kansa da manhajar da aka daina toshe wa ɓaraka.

Ga irin waɗannan mutane, filash na ba da hanya mafi sauƙi ta gwada Linux, ko ChromeOS Flex da Google ya fitar a 2022 domin tsofaffin kwamfutoci, ba tare da an goge komai ba. In ta yi wa mutum, sai ya girka ta dindindin. In ba ta yi ba, sai ya zare filash ɗinsa, kwamfutar ta koma yadda take.

Amma ko a nan ma batun amana bai kau ba. Masana na ba da shawarar a sauko da manhajar daga shafin masu ita na asali, a tantance ta kamar yadda suka tsara, a kuma ɗora ta a kan sabon filash. Wanda ya karɓi filash ɗin da wani ya riga ya shirya masa, to ya miƙa wa wannan mutum makullin duk abin da zai yi.

Abin jira a gani shi ne ko masu ƙera kwamfuta za su ci gaba da barin wannan ƙofa a buɗe, da kuma ko ƙungiyoyin sa kai irin su Tor za su samu kuɗin ci gaba da aiki a lokacin da gwamnatoci da dama ke ƙara matsa lamba a kan sirrin jama'a a intanet.